Kurakuran da 'yan Arewa ke yi wajen sayen fili a ƙauyukan bakin tekun Legas

Tun da aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Lekki a watan Janairun 2023, sannan matatar Dangote mai tace ganga 650,000 a rana ta biyo baya a watan Mayu, idon masu 'yan kuɗi ya koma kan ƙauyukan masunta na Ibeju-Lekki, irin su Eleko da Akodo da Orimedu, har zuwa Epe. 'Yan uwanmu daga Kano da Katsina da Sakkwato ma ba a bar su a baya ba. Wurin yana da makoma, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne da yawansu suna auna fili a bakin teku da mudun da suka saba auna fili a gida, kuma nan ne asara ke shigowa.

Kuskuren farko shi ne cinikin biri a sama. Dillali ya turo bidiyo ta WhatsApp, ga itatuwan kwakwa, ga farin yashi, Alhaji ya tura kuɗi. Wanda ya ɗan yi ƙoƙari ya je da kansa, amma a watan Disamba, lokacin da ko'ina ya bushe. Filin da za ka saya a can, a watan Yuni ko Yuli ake zuwa ganinsa, ruwa na tsakiyar zuba. Ka dubi katangar maƙwabta, za ka ga wani layi kore ko baƙi da ruwa ya bari, wani lokaci ya kai gwiwa. Wannan layin ya fi dillali faɗin gaskiya. Ka tambayi 'yan acaɓan da ke tsayawa a bakin titi ko suna shiga unguwar da damina, da nawa suke karɓa. In filin fadama ne, kuɗin tifofin yashin da za a cike shi da na harsashin da zai riƙe gini a ƙasa mai laushi suna iya zarce kuɗin filin kansa. Saboda haka a sa injiniya ya gwada ƙasar kafin a biya.

Babbar matsalar kuwa takarda ce, kuma a nan nake so a natsu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. A Legas, gwamnati ta daɗe da ƙwace manyan yankuna na wannan shiyya, sannan takan yanke wa ƙauye wani ɓangare ta mayar masa. Wannan yankewar ita ake kira eksishan, kuma ba ta tabbata sai an buga ta a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga sanarwarta ta hukuma. Za ka ji mai sayarwa yana cewa "eksishan ɗin na kan hanya". Ma'anar wannan magana ita ce har yanzu filin na gwamnati ne, kuma ba wanda ya yi maka alkawarin za a sake shi. Irin wannan filin ne ke da arha, shi ne kuma ake yi wa talla da ƙarfi. Gyaran ba wuya: ka ɗauki safiyo naka na kanka, ba na mai sayarwa ba, ya auna filin a gabanka, a kai lambobin awon ofishin Babban Safiyo na jiha da ke Alausa a Ikeja, a duba ko filin ya faɗa cikin na gwamnati. Lauyanka kuma ya binciki rajistar filaye. In filin na da C of O, wato takardar shaidar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa, da sunan wani, cinikin bai kammala ba sai an samu amincewar gwamna a rubuce.

Akwai kuma batun gado. Mu mun saba da mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta takarda, a yi fatiha. A ƙasar Yarbawa yawancin filayen ƙauye na dangi ne gaba ɗaya. Sai shugaban dangi da manyan kowane ɗaki sun sa hannu. In 'yan dangi suka sayar ba da sanin shugabansu ba, kotu na ɗaukar cinikin tamkar ba a yi ba. In shi ya sayar da sunan dangi bai tuntuɓi sauran ba, suna iya zuwa kotu a rushe. Da yawa daga rigimar omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa da ke tare mai gini su ce sai ya biya su, daga nan take tasowa. Jihar ta yi doka a 2016 da ta haramta wannan ƙwace, amma doka ta fi amfani ga wanda takardunsa suka cika.

Wasu kuma son kusanci da ruwa ke cutar su. Teku na cin ƙasa. Garin Ayetoro a jihar Ondo ya rasa gidaje masu yawa, kuma mutanen Okun Alfa a Lekki sun ga yadda ruwa ya cinye musu bakin gaɓa. Gwamnati ma tana da nata hakkin a gaɓar: da aka fara titin Legas zuwa Kalaba mai tsawon kilomita kusan 700 a 2024, an rushe gine-gine da dama da suka faɗa kan hanyarsa. A tambayi tazarar da doka ta hana gini daga bakin ruwa, a kuma tambayi dattawan masunta inda teku yake tsayawa suna yara.

Gishiri kuwa ba ya barin ƙarfe. Kwanon rufin da zai shekara ashirin a Zariya yana iya huhhujewa cikin 'yan shekaru a can, haka ƙofar ƙarfe da janareta da ƙarƙashin mota. A yi rufi da alminiyom, kada a yarda magini ya kwaɓa siminti da yashin bakin teku, don gishirinsa na cinye rodi daga ciki. Rijiyar burtsatse ma a gwada ruwanta, sau da yawa yana fitowa da zartsi ko ja.

Mai niyyar kasuwanci ya lura da laima. Buhun wake ko masara da ka jingina da bango a shago, cikin ɗan lokaci za ka ga funfuna ta fara hawa ta ƙasa, albasa kuma ta tsiro ko ta ruɓe. A ɗora kaya kan katako, a riƙa sarin kaɗan kaɗan. Kada kuma ganin motocin ma'aikata ya ruɗe ka, ƙaramin gari ba ya ɗaukar shago biyar masu kaya iri ɗaya.

Shawarata ga mai son komawa da iyalinsa ita ce ya kama haya damina guda tukuna. Ya je ya gaida Sarkin Hausawan yankin, shi zai kai shi gaban baale, wato dagacin ƙauyen, kuma shi ya san filayen da ake shari'a a kansu. In an saya, a kewaye da katanga nan take, a sa mutum amintacce ya zauna ko ya riƙa nomawa, domin filin da aka bari shekara biyu ba kowa a can akan tarar an sake sayar wa wani.