Ga masu jiran ranar shiga aji a kamfanin jirgi a Amurka

Salam 'yan uwa matuƙa jirgin sama. Wanda ya ci intabiyu aka ce ya jira kira, don Allah kada ya ajiye aikin da ke hannunsa sai ya ga ranar ajinsa, wato ranar fara horon sababbin matuƙa, a rubuce. Tayin aikin nan na sharaɗi ne, kuma ana ɗage aji. A 2024 kamfanin jirgi na United ya dakatar da azuzuwan sababbin matuƙa na Mayu da Yuni saboda Boeing ta yi jinkirin kawo jirage.

Ka ci gaba da tashi, ko koyar da ɗalibai ne a ƙaramin jirgi irin Cessna. Awa 1,500 ɗin tashi da ka tara ba za ta ɓoye wata shida na zaman gida ba, kundin awoyinka za a buɗe. Ka duba takardar lafiyarka mai daraja ta ɗaya: wata 12 take yi, in ka kai shekara 40 kuma wata 6 kacal. Fasfo ma haka, mutane na mantawa da shi.

In an kira ka, karɓi ajin farko ko da garin da za a tura ka bai yi maka ba. Daga ranar ake ƙirga girma a kamfani, ita ke yanke hutunka, jirgin da za ka tuƙa da lokacin zama kyaftin.