Yadda zaka kalli rawar Fred Astaire ka gane abinda yasa har yau ake maganarsa

Mutane da yawa in suka ga tsohon fim baƙi da fari sai su wuce, wai tsohon yayi ne, wallahi suna asarar abu babba. In kana son ka gane wannan mutumin, ga yadda nake ganin ya kamata ka fara.

Da farko ka san waye shi. An haife shi a 1899 a garin Omaha na Amurka, asalin sunansa Frederick Austerlitz, kuma tun yana ƙaramin yaro yake rawa a dandamali tare da yayarsa Adele har sai da tayi aure a 1932 ta bar sana'ar. Kaga kenan lokacin da ya shiga fim a 1933 ya riga ya kwashe shekara kusan talatin yana taka rawa, ba sabon shiga bane.

Sai ka nemo Top Hat na 1935 ko Swing Time na 1936, inda yake tare da abokiyar rawarsa Ginger Rogers, su biyun fim goma suka yi tare. To a nan abin yake. Kar ka tsaya kallon fuskarsa ko kwat ɗin da ya sa, ka duba kamara tukuna, zakaga tana ɗaukarsa tun daga kai har ƙafa kuma ba'a yawan yanke hoton, shi da kansa ya dage a kan haka saboda yana so mai kallo yaga rawar gaba ɗaya yadda take, ba a ɗauko ƙafa nan a ɗauko hannu can a haɗa ba. Gwada ka ƙirga sau nawa aka yanke a rawa ɗaya, sannan ka kunna kowane bidiyon waƙa na yanzu ka ƙirga, bambancin zai baka mamaki. Ni wannan ne yafi burge ni a aikinsa, don in ba'a yankewa babu inda kuskure zai ɓuya, shi yasa yake kwashe makonni yana atisaye da abokin aikinsa Hermes Pan kafin a ɗauki ƴan mintoci.

Bayan nan ka maida rawar baya, wannan karon ka ƙara sauti ka saurari takalmin. Akwai ƙarfe a ƙarƙashinsa, ƙafar ce take yin nata kiɗan a cikin kiɗan.

In ka saba da wannan sai ka nemi Royal Wedding na 1951, inda yake rawa a jikin bango har ya hau silin kansa a ƙasa. Ba da kwamfuta aka yi ba fa. Ɗakin ne aka gina shi yana juyawa a hankali, kamarar kuma an ɗaure ta tana juyawa tare da shi, shi kuma yana bin duk gefen da ya dawo ƙasa. Ka kalla sau biyu, na biyun ka lura da yadda yake sauya nauyin jikinsa daidai lokacin da zai tsallaka kusurwa.

Ya rasu a 1987 a Los Angeles yana da shekara 88. Michael Jackson na cikin waɗanda suka ɗauke shi gwani, in ka gama ka kunna rawar Jackson ka duba hular nan da yadda yake sulala ƙafa kamar ƙasan santsi gareta.