Shawara ga masu jinyar ’yan uwa

Jama’a, idan tunanin mara lafiya ya hana ku barci, ku ware minti 5 kafin kwanciya. Ku raba shafin littafi biyu. A hagu, abin da ke hannunku gobe: lokacin magani, tambayar da za a yi wa likita. A dama, abu 3 da kuka gode wa Allah a kansu yau, ƙanana kuma takamaimai: "Baba ya ci rabin abincinsa", "zazzaɓin ya sauka da yamma".

Kuskuren shi ne maimaita jimla ɗaya kullum, zuciya takan saba ta daina ji. Ranar da jiki ya tsananta, abu ɗaya ma ya wadatar, kada ku matsa wa kanku. In rashin barcin ya daɗe, ku ma ku ga likita.