Ga masu koyon Turanci ta fina-finai

Jama'a in kun ji Bature ya ce wane "three sheets to the wind" yake, kar ku ɓata lokaci kuna fassara kalma-kalma, nufinsa mutumin ya yi tatul da giya har yana tangaɗi.

Sheets ɗin nan ba zanin gado ba ne fa, igiyoyi ne da matuƙan jirgin ruwa na da suke ɗaure ƙyallen da iska ke turawa, in suka saki sai jirgi ya dinga layi kamar mashayi. Ku riƙe wannan hoton a kai, ba za ku manta ba.

Amma maganar hira ce kawai, don Allah kar ku saka ta a takardar ofis, can "intoxicated" ake rubutawa. Kuma ta ɗan tsufa, samarin Amurka sun fi cewa "wasted".