Babi na 7: Ka Zuba ko Ka Yi Kwanton Ɓauna?

Darasi na ɗaya

A ajinmu na yamma a Ƙofar Ƙaura da wake muke wannan darasi. Kuɗi ba ya hawa tabarma, caca haram ce, lissafi muka zo koyo. Kowa ya ƙirga wake 40 ya tara a gabansa.

Sunan wasan poka, wannan nau'in kuma daga Teksas ta Amurka ya fito. Karta 52 ce. Ana ba kowa biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya. A wasa mai iyaka ba ka zuba yadda ranka ya so. Zagaye biyu na farko wake 2 ne, biyu na ƙarshe wake 4. Ƙari ma daidai yake da zubi. Layin magana ta hagu yake bi. Ɗaga hannun hagunka mu gani. A'a Baba, ɗaya hannun, wanda ba ka cin tuwo da shi. Yauwa.

Darasi na biyu

An buɗe uku na tsakiya, kartarka ta yi kyau, kai ne farkon magana. Ko ka zuba wake 2 kai tsaye, ko ka ƙwanƙwasa tabarma ka ce "na wuce", ka bari wani ya zuba, layi ya dawo kanka ka ƙara ya zama 4. Wannan na biyun shi ne kwanton ɓauna.

A nan kowa yake tuntuɓe. Kafin ka ce "na wuce", tambayi kanka: wa zai zuba bayana, ina yake zaune? Galibi wanda ya yi ƙari a zagayen baya ne. Nemo shi da ido tukuna. Hagu ko dama?

Mu ce ku huɗu ne. Tela na hagunka, sai mai shayi, sai direba a damanka, shi ne ƙarshen magana. Tsibin tsakiya, wato waken da aka riga aka zuba wanda mai nasara zai kwashe, wake 12 ne.

In direba ne mai zubawa: kowa ya wuce, ya sa 2, ka sa 4. Rubuta 12 + 2 + 4 = 18. Yanzu tela sai ya biya 4 a tashi ɗaya. 18 ÷ 4, huɗu da rabi ke nan kan kowane wake nasa. Da ka zuba kai tsaye, tsibi 14 ne, ya biya 2 kawai, 14 ÷ 2 = 7. Ya samu araha, zai zauna yana jiran kartar da za ta kayar da kai. Ƙarin nan ya sa masa tsada, ya fita.

In tela ne mai zubawa, lissafin ya juya. Ya sa 2, mai shayi da direba sun biya, sannan ka ƙara. Sun riga sun sa hannu, da wuya su janye. Kowa 4, ku huɗu 16, tsibi ya kai 28. Da zubi kai tsaye 20 zai tsaya. Babu wanda ka kora, tsibi ka kumbura, don haka sai kartarka ta yi ƙarfi sosai.

Mu sake. Wa zai zuba? Ina yake zaune? Na dama, kora. Na hagu, tari. Faɗa da baki sau uku. Kada ka ji kunya, sannu sannu ba ta hana zuwa.

Amma fa wasu a cikinku haƙuri ya fara ƙarewa da su. Mutum ya ƙwanƙwasa tabarma yana murmushi, bai ma ɗago ya dubi kowa ba, a tambaye shi wa yake jira ya ce "Allah zai kawo". Haba Malam! Duba hagu, duba dama, sannan ka buɗe baki.

Darasi na uku

In kowa ya wuce, an buɗe karta ta huɗu kyauta, ba ka samu ko ƙwaya ɗaya ba. In ba ka da tabbacin wani zai zuba, kai ka zuba.

Darasi na huɗu

Tsibi 20, zubi 4, direba ne mai zubawa, kai ka ƙara. Nawa ke tsakiya, nawa tela zai biya? A kawo amsa ranar Asabar, tare da waken aji.