Kafin ka biya kuɗin mota mai buɗe rufi, kai ta wurin wanki

Salamu alaikum 'yan'uwa, musamman iyayenmu da suka yi ritaya suke son mota mai buɗe rufi don hawan kullum.

Kafin ka ba dillali ko sidi ɗaya, ka kai motar wurin wanki. Rufe rufin, shiga ciki ka zauna, a yi ta zuba mata ruwa da tiyo minti 10. Kada a matso da injin feshi mai ƙarfi kusa da rufin yadi, yana ɓata ɗinki.

Kana ciki, duba gefen gilashi. Sa hannu ƙarƙashin kafet, ka buɗe but. In ka ji danshi ko warin ruma, mai yiwuwa robar da ke toshe bakin rufin ta mutu. Ranar Accra tana cinye robar nan, ƙurar hunturu ta busar da ita. Ni sai da ruwan watan Yuni ya jiƙa mini kujera na gane. Na zagaya Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, ban samu robar ba, sai daga waje aka aiko mini.

Buɗe rufin ka rufe sau uku, in mai inji ne ka saurari injin da ke buɗe shi. In yana jan numfashi ko ya tsaya a rabi, gyaransa da tsada.

Amma wannan gwaji ba ya nuna komai game da ƙasan motar. Irin su Mazda MX-5 ƙasa-ƙasa suke. In unguwar Kaneshie ko Circle a Accra kake bi da damina, ruwan titi zai dame ka ko rufin lafiya yake. Kuma Alhaji, shiga ka fita sau biyar, ka ji abin da gwiwarka za ta ce.