Yadda ake auna lambar haidirolisis ta jan ƙarfe a ruwa

Yawancin ɗaliban da ke dawowa da lamba mai nisa da ta littafi abu ɗaya ne ya kayar da su: sun ci gaba da ɗiga NaOH bayan jan ƙarfen ya fara ficewa daga ruwa.

Abin da ake nema shi ne haidirolisis, wato yadda Cu²⁺ (jan ƙarfen da ya narke a ruwa) ke haɗuwa da ruwa ya saki H⁺ ya koma CuOH⁺, mai log β (lambar da ke nuna ƙarfin wannan sauyi) kusan −8 a 25 °C, da kuma Cu₂(OH)₂²⁺ mai kusan −10.4.

Fara da gishirin da zai riƙe ƙarfin ayon na ruwan (ionic strength) kada ya canza. NaClO₄ na 0.1 M nake so, domin kuloraid da salfet suna kama jan ƙarfe. NaClO₄ yana da tsada. Wanda aljihunsa bai kai ba ya ɗauki KNO₃. In ka zaɓi NaClO₄, cire KCl daga elektirod na mitar pH ka zuba NaCl, in ba haka ba KClO₄ zai toshe bakinsa.

Tafasa ruwan, ka yi ta hura masa naitirojin har ƙarshen aiki, don korar CO₂, saboda kabonet ɗin da yake haifarwa ma yana kama Cu²⁺ sosai. Ruwan bofa (ruwan da aka san pH ɗinsa) na kanti ba zai wadatar wajen saita elektirod ba. Ɗiga NaOH a kan asid da ka san ƙarfinsa cikin gishirin nan, ka fitar da E° (lambar saitin elektirod) ta hanyar zanen Gran, wato jadawalin gano inda asid ya ƙare.

Yanzu sa jan ƙarfe kamar 1 mM da ɗan asid, ka ɗiga NaOH kaɗan-kaɗan. A nan ake faɗuwa. Wajen pH 6 ƙura mai shuɗi-shuɗi za ta fara fita, kuma ido ba ya ganinta da wuri. Mita ce za ta gaya maka: ka ɗiga, pH ya hau, sai ya riƙa zamewa ƙasa minti bayan minti. Da zarar ka ga haka, tsaya. Duk karatun da ya biyo baya na zubarwa ne, ko da layin ya yi kyau a takarda. Ka ba kowane ɗigo lokacinsa ya natsu, gaggawa ce ke ɓoye wannan zamewar. Lokacin da ƙurar ke fitowa, ɗan kaɗan ne na jan ƙarfen ya saki H⁺, shi ya sa ƙaramin kuskure a yawan asid ke lalata komai.

Maimaita da yawan jan ƙarfe uku ko huɗu daban-daban, ta haka ne kawai za ka rarrabe CuOH⁺ da Cu₂(OH)₂²⁺. Tabbatar da yawan jan ƙarfen da EDTA, sinadarin da ke kama shi, sannan ka zuba karatun a Hyperquad, manhajar da ke lissafa irin waɗannan lambobi. Rubuta zafi da gishirin da ka yi aiki da su kusa da lambar.